Yajinka ya sa Bajamushe kuka

Zuwa ga taubashina,

Ina Inna da yara? Ka gaishe da amarya, ka ce mata har yanzu ina yi mata jajen aurenka.

Yajin da ka aiko ya iso, kuma ya tada ƙura a nan bakin kogin Mosel. Tun kafin ka garzaya wajen Baba da tsegumi: giya dai ban sha ba, ba na sha, ruwan inabin da bai tsima ba nake kurɓa. Maƙwabcina ne manomin inabi. Gonakin inabin nan a jikin tudu suke maƙale, har akwai wata a garin Bremm, ana ce mata Calmont, gangarenta ya kai digiri 65. Kai da ba ka iya hawa jaki, ko kallonta ba za ka iya ba.

Mutanen nan ba sa cin abinci sai sun ɗaura masa aure da giya. Ranar Kirsimeti a gasa dinya, a kawo jan kabeji da curin dankali, sannan a zauna neman wadda ta dace. Wai maiƙon dinya sai farar giyar Riesling marar zaƙi, mai ɗan tsami, don ta wanke baki.

To, na gasa tsire da naman mahaucin Turkawa, na barbaɗa yajinka, na kira maƙwabcin. Tsinke ɗaya ya ci, fuska ta yi jawur, hawaye shaa! Ya ruga ɗakin ƙasa ya dawo da kwalba, yana tari yana yi mini lacca: giya mai ƙarfi ƙara wa barkono wuta take, sai mai zaƙi-zaƙi marar ƙarfi, irin Kabinett ko Spätlese, mai ƙarfin kashi 8 ko 9 cikin ɗari. Na ce mu a gida kindirmo muke sha, magana ta ƙare. Wallahi sai da ya rubuta a littafi.

Ita Spätlese ɗin, wai a 1775 aka gano ta a gidan gonar Johannisberg. Ɗan aiken da zai kawo izinin girbi daga Fulda ya makara, inabi ya fara ruɓewa, aka matse shi a haka, sai ga zaƙi. Yau har mutum-mutuminsa suka kafa, yana bisa doki. A ƙasar da ake hararar wanda ya makara da minti biyu! Da kai aka aika, da tuni sun sa wa gari sunanka.

Ka ƙaro yaji da daddawa da kuka, maƙwabcin ya ce zai sake gwadawa daren sabuwar shekara. Kada ka cusa kilishi, kwastan ɗinsu ƙwace nama suke. Kuɗin da kake tambaya kuwa, suna hanya tare da ɗan aiken Fulda.

Naka,
Ubangidanka na Jamus