Jinjina ga Dokar da Ba Ta Takura wa Kowa

A ƙasar da kowa ke kukan hukuma ta matsa masa, idan aka samu mai sauƙin kai ai sai a yaba. Dokar mafi ƙarancin albashi ta Najeriya 'yar gidan mutunci ce, ga kunya ga kawaici, ba ta shiga gidan kowa sai an yi mata iso. Tun da Shugaba Shehu Shagari ya sa mata hannu a 1981, ban taɓa jin wani attajiri ya ce ta hana shi barci ba. Wannan ita ce tarbiyya.

Ku dubi yadda take girma kamar ɗan gata. Da naira 125 aka fara. Obasanjo ya kai ta 5,500 a 2000, Jonathan ya ce 18,000 a 2011, Buhari ya mayar da ita 30,000 a 2019, sai ga Tinubu a watan Yulin 2024 da 70,000 cif. Ninki 560 ke nan! Wane ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari ya taɓa ninka jarinsa haka? Mahassada za su ce naira 125 ta zamanin Shagari ta kai kimanin dala 200, alhali 70,000 ɗin nan ba ta kai dala 50 ba ranar da aka sa hannu. To, ina ruwan masinja da dala, Amurka za shi? Za su kuma ce a 2024 ɗin buhun shinkafa ya fi albashin tsada. Ai wannan kula da lafiyar ma'aikaci ce, tun da likitoci sun daɗe suna cewa a rage shinkafa saboda ciwon sukari.

'Yan ƙwadago ma sun cancanci tafi. Ƙungiyar NLC ta Joe Ajaero ta buɗe ciniki da 615,000, har ta shiga yajin aiki a watan Yunin 2024, aka kashe wutar lantarkin ƙasa baki ɗaya (a unguwarmu dai ba wanda ya lura, mun ɗauka halin nata ne na kullum). Suka sauko 250,000, gwamnati ta ce ya yi tsada, daga ƙarshe suka sallama a 70,000. Ko a kasuwar Kurmi ban ga mai kaya mai rangwame irin wannan ba.

Amma inda dokar ta fi burge ni shi ne sanin iyakarta. Duk wurin da ma'aikata ba su kai 25 ba, ba ta leƙawa. Mai aikin wucin gadi na 'yan sa'o'i ba nata ba ne. Mai cin kamasho, da mai aikin jinga, da leburan gona na damina, duk ta 'yanta su. Yanzu ka zauna ka lissafa mutanen da ka gani suna aiki daga asuba zuwa yanzu: mai gadin layinku, yarinyar da ke wanke-wanke a gidan Alhaji, yaron shago, mai kwaɓa fulawa a gidan burodi, kwandastan motar da ka hau. Dokar ta san mutanen nan masu zuciyar yi ne, ba ta son ta ɓata su da dogaro da takarda, sai ta bar su da maigida su daidaita tsakaninsu, kamar yadda kura da akuya kan daidaita. Shi kuwa maigida an koya masa lissafi kyauta: ma'aikaci na 24 alheri ne, na 25 fitina. Na san wata malama a wata makarantar kuɗi ta unguwa, shekararta shida tana koyar da lissafi, albashinta bai kai rabin abin da doka ta yanka ba. Idan aka tafi hutu kuma albashin ma hutu yake tafiya. Ba a karya mata doka ko ɗaya ba, malaman makarantar goma sha ne.

Ga girmama manya. Har 70,000 ta iso, wasu jihohi ba su gama shawara a kan 30,000 ba, musamman ga malaman firamare da ma'aikatan ƙananan hukumomi. Doka ba ta ɗaga murya ba. Ta san tsarin mulki ya hana a gurfanar da gwamna yana kan kujera, ita kuwa ba ta gaba da uban gida.

Tana da ƙanwa mai hali irin nata, dokar diyyar ma'aikata ta 2010. Ta ce kowane mai kamfani ya zuba kashi 1 cikin 100 na kuɗin albashi a asusun NSITF, domin ranar da inji ya cinye hannun lebura ko ya faɗo daga bene, a samu abin share masa hawaye. A 2022 kwamitin majalisar dattawa ya nemi takardun shaidar yadda aka yi da sama da naira biliyan 17 na asusun, sai aka shaida masa cewa ruwan sama ya daki kwantenar da aka adana su, mai yiwuwa ma gara ta cinye su. Madalla! Ashe dai akwai mai rai da ya ƙoshi da wannan asusu. Dā ina jin ana cewa da babu gara ba daɗi, sai a lokacin na gane wace gara ake nufi.

Kada kuma a ce ba a biyan ma'aikaci da kyau a ƙasar nan. A watan Agustan 2024 Sanata Kawu Sumaila ya faɗa wa BBC Hausa cewa naira miliyan 21 ke shigo masa duk wata don gudanar da ofis. Albashin mutum 300 ke nan a hannun mutum ɗaya, ka ga an rage cunkoso a banki.

Yanzu an ce duk shekara uku za a riƙa duba albashin, ba biyar ba. Na gaba zai faɗo a 2027, shekarar zaɓe, kamar yadda 2011 da 2019 suka kasance, kuma na tabbata dacewa ce kawai. Malam mai gadi, idan ka ji ana shela a rediyo, kada ka bar bakin ƙofa don sauraro. Ku biyu ne a gidan, kai da direba.