Mutanen da Windows 11 ta tona wa asiri

Ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10, ya nuna wa jama'a hanyar Windows 11. Abin da ya sauya a fuskar kwamfuta bai taka kara ya karya ba, amma ya isa ya fito da halin kowa fili.

Mai makoki shi ne ya fi yawa. Laifin sabuwar manhajar a wurinsa ɗaya ne: maɓallin Start ya tashi daga kusurwar hagu ya dawo tsakiya. Kullum hannunsa sai ya zarce hagu, ya danna, hasashen yanayi ya buɗe yana sanar da shi yau za a yi zafi, alhali gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ba yau ya fara ba. Ya yi zaman makokin Windows XP mai koren tudu a 2014, ya yi na Windows 7 a 2020, kuma har gobe bai yafe Windows 8 ba, wadda ta cire maɓallin gaba ɗaya a 2012. Ka ce masa cikin minti guda za a mayar da Start hagu, sai ya dafa kafaɗarka: "Bar shi kawai, ɗan nan, zamani ne." Gyaran ba ya gabansa. Ta'aziyya yake so.

Kusa da shi akwai Malam Sai-anjima. Duk sanda kwamfuta ta nemi sabuntawa, ya ɗage zuwa mako mai zuwa, don datarsa ba ta sadaka ba ce. A nan ina bayansa. Sai dai ita ma na'urar tana da ranarta: ana saura minti goma taro, an ɗauke wuta, batir ya yi ja, ta rubuto masa cewa sabuntawa tana kashi 30 cikin 100, kada ya kashe ta. Yana zaune yana kallonta kamar mai jiran tukunyar wake.

Shi kuwa mai tsohuwar tokumbo, ƙofa aka rufe masa tun daga zaure. Windows 11 na neman TPM 2.0 da injin Intel na zubi na 8 zuwa sama, tasa kuwa ta girmi wannan zance. Ya saɓa ta sai titin Beirut a Kano, yaran shago suka yi mata dabara, ta karɓa. Yanzu fankar cikinta kuka take dare da rana, shi kuma yana cewa alamar ƙarfi ce.

A nan mai wa'azin Linux ke shigowa, kuma ba a gayyatarsa. Da filashi a aljihu yake yawo, Linux samfurin Ubuntu a ciki. Kafin ka gama gaisawa ya kai ka 1991, ya ba ka tarihin Linus Torvalds ɗan Finland da ya ƙirƙiro Linux, ya rantse maka kyauta ce, ba ta cin na'ura, ƙwayar cuta ba ta kusantarta. Mafi yawan maganarsa gaskiya ce, abin haushin ke nan. Ka ba shi kwamfutarka, ya buɗe baƙin allo ya yi ta zuba rubutu har la'asar. Ka tambaye shi me ya sa firinta ta daina aiki, ya ce ai firintar ce ba ta waye ba.

Alhaji ya tsallake rigimar duka, ya sayi MacBook. Mako guda yana danna Ctrl da C ba abin da ya kwafu, yana neman alamar rufe shafi a dama tana hagu. Yanzu tana kan tebur a falo, baƙi na yaba kyanta, aikin kuma a waya ake yi.

Wadda ba ta ce uffan ba ita ce Hajiya mai buga takardu a ofis. Ta zauna, ta gyara mayafi, ta kira yaron da ya ɗora manhajar.

"Ina Word?"

Ya nuna mata.

"Ina ƙ da ɗ da ɓ?"

Ya saka mata allon rubutun Hausa, ya ce in ta haɗa maɓallin Windows da dogon nan na ƙasa za ta sauya harshe.

"To, ja min ƙofar, ina da wasiƙa goma sha biyu kafin azahar."