Binciken Asalin Ɗan Tsako

Makon nan ma an sake sauke kwalaye a bakin titin Gwarzo, kuma tun daga Kabo har Getso da wuya ka sami majalisar da ba ta koma kotun tantance 'yan tsaki ba. Sayen bai dame ni ba. Malamin makaranta ko mai shayi ya tattara ɗan abin da ya tara ya sayi kwali guda, tsaki 50 da gyaran ɗaya, don ya gwada sa'arsa kafin Sallah, wannan ai sai a sa masa albarka. Abin da ke ƙona rai shi ne taron da ke biyo bayan kwalin. Kafin bawan Allah ya kwance igiya daga bayan babur, an kewaye shi, kowa da fatawarsa. Wannan ya ce buroila ne, wancan ya rantse maja ne, na uku ya leƙa ta hujin kwali ya girgiza kai ya ce, "Malam, an cuce ka, zakaru ne zalla." Ka bincika, a cikinsu babu wanda ya taɓa raya ko kaza ɗaya. Iyakar sanin da suka yi mata a faranti ne.

Sai a zo kan babban gwaji. A damƙo ɗan tsako ɗan kwana ɗaya, a riƙe ƙafafunsa, a zunkuɗa shi kai a ƙasa. Wai idan ya ɗago kai yana fafutuka namiji ne, idan ya saki jiki ya yi laƙwas mace ce. Ku dubi halin wanda ake wa wannan tambaya. Galibin tsakin nan daga Ibadan da kewayenta ake ƙyanƙyaso su, su kwana a mota suna cin tafiyar kusan kilomita 1,000, su sauka Kano, a sake ɗora su a wata motar ko a babur su yi kilomita 70 ko makamancin haka zuwa Gwarzo, ba ruwa ba abinci. Wannan matafiyin ne za a rataye a nemi ya nuna mazantaka. Ko ɗan dambe aka yi wa haka laƙwas zai yi. Wanda ya ɗago kai kuma, sai wani masanin ya ce a sake, ɗagowar ba ta kai ba. A sake juya shi. Na biyu ya karɓa ya juya ta hagu, don a garinsu ta hagu ake yi. Can wani dattijo ya kawo zobe da zare a lila a kan tsakon. Kafin a kammala shari'ar mutum ɗaya an yi la'asar, saura 50 suna layi, kuma wanda aka fara da shi ya riga ya daina bayar da shaida. Daɗin gwajin shi ne ba ya kunyata mai shi: halitta ko namiji ko mace, don haka ko makaho ya yi canke zai dace a rabi. Rabin da ya dace za a ba da labarinsa har baɗi. Rabin da ya kuskure, ai wannan laifin mai sayarwa ne, shi ya gauraya.

Na san abin da za a ce: ai ana cutar mutane, dole a bincika. Gaskiya ne, kuma cutar tana da hanyarta. Kamfanonin da ke ƙyanƙyasar kaji masu ƙwai ba su da buƙatar mazan, sai su sayar da su da arha. A irin jajayen masu ƙwai, macen tana fitowa ja-ja, namijin fari-fari, kuma farin nan a kwanansa na farko kusan kamarsa ɗaya da buroila a idon sabon shiga. Marar tsoron Allah sai ya zuba su a kwali ya karɓi kuɗin buroila. Mai kiwo ya yi ta ɗura abinci yana jiran kilo 2 a mako 6, sai ya wayi gari da samari masu dogayen ƙafafu suna koyon cara, waɗanda sai sun yi watanni kafin su cika tukunya. To amma rataye tsako me ya gano a nan? Ko a ce gwajin gaskiya ne, jinsi kawai zai nuna, alhali buroila maza da mata ake sayar da su a haɗe. Maganin wannan cuta sanin dillali ne, da duba sunan kamfani a jikin kwali, da karɓar rasit. Sauran kuma haƙuri ne: zuwa mako na biyu ko na uku, kaurin ƙafa da faɗin ƙirji da haɗamar buroila za su bayyana ko ga yaro. Kafin nan, a bar kaza cikin gashinta.

Wasu kuma za su ce ina raina ilimin gado. Wane gadon? Kazar Hausa ta kwanta a kan ƙwanta kwana 21, ta ƙyanƙyashe, ta ɗumama 'ya'yanta a ƙarƙashin fiffike, ta kare su daga shirwa, ba wanda ya taɓa tambayar asalinsu. Yanzu ne aka mayar da ɗan tsako kamar mai neman aure, sai an san ubansa da kakansa da garin da suka taso. Kuma in ilimin gado ake so da gaske, yana cikin gida, wurin Iya da Goggo waɗanda suka shekara talatin suna kiwon kaji, suna yi wa 'ya'ya kayan ɗaki da kuɗinsu. Ba a tambayarsu. Muddin kaza tana yawo a tsakar gida tana tsattsagar dusa, harkar mata ce, maigida ba ya ko kallonta sai baƙo ya zo. Ranar da ta zo a kwali da rubutun boko, ta zama "fam", ta koma hannun maza, aka fitar da zancenta ƙofar gida. Sharar kashin da canjin ruwan kuwa suna nan inda suke, a hannun uwargida. Riba in ta zo ta Alhaji ce, asara in ta zo ita ce ba ta kula ba. Wannan rabon gadon ko a kotun majalisa bai kamata ya wuce ba.

Har sunan ma abin dariya ne. Ana ce musu kajin Turawa, alhali majar da ake rububi, wato Noiler, a jihar Oyo aka samar da ita, ShikaBrown kuma a Shika, nan kusa da Zariya, masana na cibiyar NAPRI suka fitar da ita. Amma ka ce wa mai saye kazarsa Bazazzagiya ce, sai ya nemi ragi.

Duk wannan surutu ana yin sa ne a daidai lokacin da tsakon ke buƙatar abubuwa marasa daɗin hira. Yana son ɗumi na wajen digiri 33 a makon farko, ko da na kaskon gawayi ne, da iska mai shiga don kada hayaƙi ya gama da shi. Yana son busasshiyar shimfiɗa ta ɓuntun shinkafa, da ruwa mai tsabta, da rigakafin Lasota da na Gumboro a kan lokaci. Ba wanda ke taruwa don waɗannan. Masanan nan da ƙarfe biyun dare, lokacin da gawayi ya mutu tsaki suka hau kan juna, suna gida suna minshari. Da safe ne za su dawo ta'aziyya, su tsaya a kan gawarwaki da takalman da suka zaga kasuwa da su, su ce dama sun faɗa, irin ne ba shi da kyau.

Kai da ka ɗauko kwalinka yau, don Allah ka wuce majalisa ko da za a ce ka yi girman kai. Shiga gida, kunna gawayi, ba su ruwa, ka nemi malamin dabbobi ya rubuta maka ranakun rigakafi. Duk wanda ya miƙo hannu zai juya maka tsako, ka ce ya fara biyan kuɗinsa.