Zuwa ga Lasisi, Sarkin Fulogin na Sakkwato

Lasisi, bawan Gobirawa, ga gaisuwar ubangidanka. Labari ya iso mini cewa yanzu a unguwarku an daina kiranka da sunan yanka, sai Injiniya, har ka sa an rubuta a ƙofar situdiyonka cewa kana da fulogin sama da ɗari huɗu. Na ce madalla. Kakanka ya baro Ogbomosho da huhun goro ɗaya ya ci kasuwar Sakkwato, kai kuma jikansa ka tara kayan aiki ɗari huɗu, amma muryar mutum ɗaya ta gagare ka fitarwa fes.

Bari in yi wa masu karatu bayani, tunda kai in aka tambaye ka sai ka hau Turanci don ka ruɗa mutane. Fulogin 'yar ƙaramar manhaja ce da ake maƙala wa babbar manhajar haɗa kiɗa, irin FL Studio ko Cubase. Wata aikinta rage kaushin murya, wata danne ta in ta yi sama da yawa, wata ƙara mata amsa-kuwwa. Kamfanin Steinberg na Jamus, masu Cubase, su suka fito da tsarin VST a 1996, wanda ya ba kowa damar ƙera tasa ya sayar. Tun daga nan ƙofa ta buɗe, har kayan suka gangaro Sakkwato a cikin filashi, suka faɗo hannun Lasisi.

Ran da ka gyara waƙar bikin 'yar ƙanwata na leƙa fuskar kwamfutarka, kana ta kare ta da kafaɗa kamar mai ƙirga kuɗi. A kan layin muryar mawaƙin kaɗai na ga ikwalaiza uku a jere: ta farko ta ƙara ƙasan murya, ta biyu ta rage shi, ta uku ta mayar da abin da ta biyu ta rage. Ga kwamfuresa biyu masu danne murya, ga Auto-Tune, ga Soundgoodizer har sau biyu, wai na farko bai gama gyarawa ba. Can ƙarshe amsa-kuwwa iri uku, har yaron nan da ya yi waƙarsa a ɗakinka mai faɗin tabarma huɗu ya koma kamar daga ƙasan rijiya yake kiran amarya. Ita kuwa kwamfutar, mai ƙwaƙwalwar giga huɗu, a zafin Afrilun Sakkwato da ke haura digiri 40, fankarta na kuka, sauti na tsinkewa yana ƙarƙara, kai kana cewa aljanu ne. Ban yi mamaki ba. Mutumin da aka raine shi a kan cewa miya ba ta yi ba sai barkono ya sa baƙo hawaye, ai duk abin da ya tarar a kicin zubawa zai yi.

Kuma mu faɗi gaskiya tsakaninmu, nawa ka biya? Kayan FabFilter na Holan da na iZotope da na Waves da dala ake sayen su, wasu kunshin ɗaruruwan daloli. Kai kuwa wani yaro ne a bakin kasuwa ya tura maka su duka a kan kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba. Fasassu ne, na sata. Shi ya sa rabinsu in ka buɗe sai manhajar ta rufe kanta da aikin mutane a ciki, sauran kuma ba ka ma san sunansu ba. Zanen aro ba ya rufe katara. Su kansu masu saye da halalinsu ba su tsira da ciwon kai ba: a watan Maris na 2023 kamfanin Waves ya sanar cewa ya daina sayarwa sai haya wata-wata, masu sana'a a duniya suka yi masa ca, cikin 'yan kwanaki ya janye. Kai ko labarin ba ka ji ba, don ba ka cikin rajistar kowa.

Abin haushin shi ne, abin da murya ke bukata bai wuce guda biyar ba, kuma mafi yawansu suna cikin FL Studio ɗin da kake buɗewa kullum. Fruity Parametric EQ 2 tana nan da maɓallanta bakwai. Yanke duk abin da ke ƙasa da 80 Hz a muryar mawaƙi, don ba murya a wurin, sai gurnanin wuta da ke zaune a 50 Hz da rugugin janaretan maƙwabcinka mai walda. Fruity Limiter na da kwamfuresa a cikinsa. Fruity Reeverb 2 ya isa amsa-kuwwa, in ka sa kaɗan. In kana son ƙari ba tare da sata ba, TDR Nova kyauta ce, Valhalla Supermassive kyauta ce, Youlean mai auna ƙarfin sauti ma akwai na kyauta. Na san abin da ya hana ka su: ba su da hoton tsohuwar na'ura mai allura tana rawa, wadda za ka nuna wa mai waƙa ka ƙara masa dubu biyu.

Akwai wata fulogin da ke rage tsinin “s” da “sh” da “ts”, waɗanda ke taruwa wajen 5,000 zuwa 8,000 Hz. Amfaninta babba ne, amma da hankali, don Hausa cike take da waɗannan haruffa. Kai ka murɗe ta har ƙarshe, ka mayar da ƙato mai gemu mai tsamin baki. Na tambaye ka ba ka ji ba, ka ce lafiya lau ka ji. To ina za ka ji, kai da har yau ƙafa da kafa duk ɗaya ne a bakinka, alhali a Sakkwato aka yanke maka cibi?

Sai uban tafiyar, Auto-Tune. Wanda ya ƙirƙiro shi, Andy Hildebrand, injiniya ne da ya yi shekaru yana nazarin sautin da ake aikawa cikin ƙasa don neman man fetur, kafin kamfaninsa Antares ya fitar da shi a 1997. Nufinsa a ɗan tallabi muryar da ta zame a mayar da ita kan hanya ba tare da kowa ya lura ba. A 1998 aka murɗe saurinsa har ƙarshe a waƙar Believe ta Cher, murya ta fito tana tsalle kamar ta inji, duniya ta ɗauka. Mawaƙan finafinanmu suka rungume shi har ya zama ado, kuma ba ni da faɗa da ado. Faɗana da kai biyu ne. Na ɗaya, na'urar sai an gaya mata a kan wane ma'aunin sauti aka yi kiɗan. Kai tun ranar da aka tura maka ita ba ka taɓa wannan maɓallin ba, yaro na waƙa a gabas, ita tana jan shi yamma. Na biyu, Hausa da hawa da saukar murya take rarrabe ma'ana, kuma mawaƙin ƙasar nan yana da jan murya da lanƙwasa da ke bi ta tsakanin sautukan fiyano. In ka sa saurin a sifili, duk wannan lanƙwasar ta zama matakala. Kai da harshenku ya fi namu dogara da karin sauti, ai kai ya kamata ka fara jin zafin abin.

Haka ka yi wa kalangu. Daɗinsa na wuri biyu: bugun farko mai tsini, da kukan da ke biyo baya in makaɗi ya matse tsarkiya a hammata. Ka ɗora masa kwamfuresa mai saurin cafka, ta cinye bugun, aka bar mu da wani abu mai kama da buga katifa. Da gangan ɗinku na Yarbawa aka yi wa haka, da tuni dangi sun yi taro a kanka. Je ka saurari tsofaffin faifan Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, ko na Salihu Jankiɗi, ko Musa Ɗanƙwairo. Ba kwamfuta a zamaninsu, naɗin ma wani duk shashsheƙa, amma kowace kalma tana fita. Masu kotso da taushi sun san su sassauta hannu in ubangida ya ɗauko baiti, 'yan amshi sun san inda za su tsaya. Tun a bakin makirfo aka gama haɗin.

Kai kuwa ɗakinka bangon siminti ne tsirara da rufin kwano, ka manna kwalayen ƙwai kana kiransu maganin sauti. Ba abin da suke tarewa sai ƙura da kyankyasai. Tafa hannu sau ɗaya a tsakiyar ɗakin ka ji yadda yake ƙara. Wannan ƙarar tana shiga makirfo tare da murya, kuma ba fulogin da za ta raba su cikin sauƙi. Bargo mai kauri biyu da tsohuwar katifa a bayan mawaƙi, a kashe fanka na minti biyar ya yi haƙuri da gumi, sun fi rabin filashinka aiki.

Sannan wa kake yi wa haɗin? Kana zaune gaban manyan lasifikoki kana jin bes na girgiza maka tumbi, kana kaɗa kai. Mai waƙar kuwa a waya za a ji shi, ko a 'yar emfin mai shayi a Gawon Nama, ko a aljihun ɗan kabu-kabu da ke ratsa Mabera. Ƙaramar lasifikar waya ba ta iya fitar da wannan zurfin, sai ya ɓace, ya bar murya a sama tana ƙara kamar gwangwani. Tura wa wayarka kafin ka sallami mutum, ka fita waje ka saurara cikin hayaniyar titi. Kuma ka daina matse waƙa da limita don ta fi ta kowa ƙarfi. Spotify na daidaita waƙoƙi ne a wajen -14 a ma'aunin ƙarfin sauti na LUFS, YouTube ma na rage duk wadda ta cika ƙara. Za su sauke taka ta dawo daidai da ta kowa, sai dai ta riga ta shaƙe. Na san wannan zai yi maka wuya, don a gidanku ko gaisuwar asuba sai unguwa ta farka.

Ranar Asabar ina tafe da masu kotso daga Isa, za mu naɗi waƙa biyu. Ka goge filashin nan kafin in iso, ka bar biyar, ka ciro bargunan ɗakin matarka. Kuɗin aiki kuwa kada ma ka ɗauko zancen, ba a taɓa jin Bagobiri ya biya bawansa lada ba. Ka dai tanadi amala, a rage barkono.