Sai Inji Ya Buga

Mu a unguwar nan, shawarar inji a teburin mai shayi ake yanke ta, kuma rabin masu ba da fatawar ko sarƙar keke ba su iya ɗaurawa ba.

Tsohuwar Hayis ta fara feso shuɗin hayaƙi, tana shan baƙin mai kamar kunun buɗa-baki, shi ke nan an samu abin hira. Wannan ya ce ring ne, a zuba sabo. Wancan ya ce ina, silinda ta cinye, sai an sauke inji, a kai bulok da karanshaf wurin masu wanki, a sa metal daidai da sabon awo. Sai wani dattijo ya kurɓi shayi ya ce, "Alhaji, bar wahalar da kanka, je Ƙofar Ruwa ka ɗauko ɗan Beljiyam ka huta."

Hutun a fatar baki yake. Tun da aka janye tallafin mai a 2023, naira kuma ta zube, wanda ya je tayin inji da salati yake dawowa. Ga shi ba a ganin cikinsa. An wanke shi da fetur yana ƙyalli, a ba ka garantin 'yan kwanaki, ko tafiyar da ya sha a Turai ta fi ta naka, oho.

Sai mu koma gyara, don shi da kaɗan-kaɗan ake biya. Yau ring, wata mai zuwa gasket, bayan Sallah famfon mai. In da za a tara, ya sayi inji har da canji, amma wa ke tarawa? Motar ce ke ɗora tukunya, kwana uku a gareji gida ya ji a jikinsa.

Ni dai a ganina, in bulok bai tsage ba, karanshaf kuma da sauran nama, a samu bakanike mai tsoron Allah a yi aikin gaba ɗaya. In bodi ya ruɓe, giya na kuka, kada a binne kuɗi.

Mu ko ɗaya ba ma yi. Mai mai kauri za mu zuba, mu ajiye jarkar ruwa a ƙarƙashin kujera, yaron mota na turi kowace asuba, har ranar da injin zai buga a Kwanar Ɗangora da fasinja cike. A jawo ta da igiya, a karɓi kwasar adashin uwargida, a sayi injin yadda mai shago ya yanka.