Kifayen da Suka Juya wa Juna Baya

Mai mata biyu ba ya sayen abu ɗaya, wannan kowa ya sani. Abin da gwauraye da masu mace ɗaya ba su sani ba shi ne, sayen biyun ma ba ya fid da mutum sai sun zama iri ɗaya sak. Da haka na daɗe ina zaune lafiya a gidana: atamfa turmi biyu zane ɗaya, turare kwalba biyu, har ledar da za a sako su sai na duba launinta.

Bana Babbar Sallah ta matso ina Gwanzu ta ƙasar Sin wajen saro yadi, naira ta yi ƙasa, ga kuɗin rago yana jirana a gida. Na ce wa yaron da ke yi mini tafinta, wani ɗan Katsina mai karatu a can, ya nemo mini tsarabar da ba ta cin aljihu, amma wadda in an gani za a ce lallai mutumin nan ya zauna ya yi tunani. Ya ce, "Alhaji, ai sai tangaran ɗin Jingdezhen. Aikin hannu ne, kuma kuɗin ba su kai na turmin atamfa ba." Wannan maganar ta ƙarshe ita ta sa ni cikin jirgin ƙasa.

Garin yana lardin Jiangxi, kuma ban taɓa ganin wurin da sana'a ɗaya ta cinye kamarsa ba. Har turakun fitilun titi da tangaran aka lulluɓe su. Yaron ya ce tun 1004 garin ke amsa wannan suna, wani sarkin daular Song ne ya ba shi sunan zamanin mulkinsa. Farar ƙasar da aka fara shahara da ita daga wani tsauni ake haƙo ta nan kusa, Gaoling, a haɗa da garin wani dutse, a kwaɓa. Turawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna saye da tsada suna cizon yatsa, ba su gano yadda ake yi ba sai a 1708 a Jamus. Na ji daɗin wannan labari ƙwarai, don ban saba jin inda aka wahalar da Bature a ciniki ba.

Da yamma muka shiga Taoxichuan, tsohuwar masana'anta ce da aka mayar kasuwa, inda ɗalibai da matasan magina ke baje kayansu a kan tebura a ƙarshen mako. A nan muka samu wata Basiniya tana zana kifi a jikin ɗanyen kwano da wani siririn buroshi. Tawadar baƙa-baƙa ce, ba kyan gani. Na ce ni shuɗi nake so. Ta yi dariya ta ce wannan ɗin shi ne shuɗin, kobalt ne, sai ya sha wuta mai zafin digiri 1,300 yake nuna launinsa, kuma a ƙarni na 14 daga ƙasar Farisa ake kawo musu shi. Ta ɗauko wanda aka gasa ta ƙwanƙwasa da farce, ya yi wata ƙara siririya da ta daɗe ba ta mutu ba. Ta haska fitilar waya daga ciki, sai ga inuwar yatsunta ta waje. Nan take na ji kuɗina sun fara motsi a aljihu.

Abin da na zaɓa suna ce masa gaiwan: ɗan kwanon shayi da murfinsa da farantinsa. Na ɗauki uku, biyu masu kifaye bibbiyu na matan gida, ɗaya mai fure na Hajiya mahaifiyata. Na sa yaron ya jaddada mata cewa biyun nan dole su zama iri ɗaya. Ta ce in iri ɗaya sak nake nema in je wajen na inji, waɗanda ake manna wa zane, hannu ba ya maimaita kansa. Na jera su, na ƙirga: kifi biyu nan, kifi biyu can, shuɗi nan, shuɗi can. Na biya ina murna.

Hulunana na cusa su ciki, na naɗe da rawani, na rungume jakar a cinya har Kano. Duk wanda ya matso kusa da ni a jirgi sai ya sha harara. Faɗi-ka-mutu uku suka ƙetare rabin duniya ko tsagewa babu.

Daren jajibere na tara iyali a falo, na ce a dafa ruwa, yau za su ga yadda Sinawa ke shan shayi. Na zuba ganye, na zuba tafasasshen ruwa, na karkata murfi kaɗan, na kama bakin kwanon da babban yatsa da na tsakiya kamar yadda na ga matar nan ta yi. Ita dai ba ta cika shi fal ba, ni kuwa ban saba ba wa baƙo rabin kofi ba. Ruwan ya biyo yatsuna. Saki ba dama, riƙewa ba dama, sai na miƙe ina zagaya tebur ina salati, yara suna tafi sun ɗauka cikin al'adar ne. Autana ya leƙa kwanon ya ce, "Baba, ta ina burodi zai shiga?"

Ina busa yatsu Uwargida ta ɗauki nata ta juya shi a hankali, ta ɗauki na Amarya ta juya. Ta yi shiru irin wanda na sani.

"Alhaji, kifayen nan nawa me ya haɗa su faɗa?"

Na duba. A nata kwanon kowane kifi ya kama gabansa, wutsiya na kallon wutsiya. A na Amarya kuwa sun fuskanci juna, baki dab da baki, har da ɗan ganye a tsakani. Na ce ai ruwa ne, kifi yana juyawa. Ta ce, "Haka ne. Shekara ashirin ai dole a juya."

Amarya tana ƙunshe dariya, har Allah ya sa ta jera kwanukan biyu a faranti ɗaya. Dariyar ta tsaya. Ta aika a kawo cokali. A gabana aka auna da ruwa, nata ya gaza na Yayarta da cokali biyu. Na yi bayani tsakanina da Allah cewa yumɓu yana tsukewa a wuta, wani har ya rasa kusan kashi ɗaya cikin biyar na girmansa, kuma ba duka suke tsukewa daidai ba. Ta ce, "Ikon Allah, Alhaji, har wutar ƙasar Sin ta san wace ce ƙarama a gidan nan."

Na ce to a yi musaya. Aka yi. Uwargida ta ce wato yanzu ita ce ta cokali biyu. Amarya ta ce ita ko shekara uku ba ta cika ba za a miƙa mata kifayen da suka yi hannun riga.

Da na ga ruwa ya ƙare wa ɗan kada, sai na jawo tarihi. Na ce su daina raina abin nan, a 2014 an yi gwanjon wani ɗan kofin garin Jingdezhen a Hong Kong, mai zanen zakara da kaza, na zamanin daular Ming, wani attajirin Shanghai ya saye shi dala miliyan 36, ya kuma zuba shayi a ciki ya sha. Magana ce ta gaskiya. Matsalar ita ce yara suna wurin, kuma yaro ba ya riƙe shekara da sunan daula, lamba kawai yake riƙewa.

Kafin a sauko daga Idi unguwa ta ɗauka Alhaji ya kawo wa matansa kofunan miliyan 36. Masu zuwa barka da Sallah suka ninka. Wani ɗan ƙanen babana da rabona da shi tun bikin Amarya ya zo da takardar kuɗin makarantar 'ya'yansa. Mai unguwa ya ja ni gefe ya tuna mini maganar kwalbatin layinmu. Su kuwa matan gida sun tsinci rasiti a aljihun jaka, sun ba ɗan Uwargida ya buga lissafi a waya, ya faɗa musu da naira. Uwargida ta ce, "Araha dai ba ta ado."

Ƙarar ta kai gaban Hajiya washegari. Ta sa aka kawo kwanukan, ta ɗaga kowanne ta duba a hasken taga, ta ƙwanƙwasa ta saurara. Ta ce kaya ne masu kyau, wanda ya yi su ya iya, kuma tunda sun zama fitina za su zauna a wurinta. Ɗaya ta zuba goro, ɗaya kanwa, mai furen ta sa allura da zare. Sannan ta dube ni ta ce kafin yawon Sallah ya ƙare in kai wa kowace turmin atamfa, mai tsadar, zane ɗaya.

Na ce, "Hajiya, ragon ma bashi ne."

Ta ce, "Kai da ke da kofin miliyan 36?"