Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya Rosta

Zuwa ga Hajiya Rosta, uwar ɗakin masu aikin karɓa-karɓa, mazauniyar bayan ƙofar ofishin Metiron.

Ranki ya daɗe, ma'aikatan jinya da ungozomomi, da masu gadi, da ma'aikatan masana'antun Sharaɗa da Bompai da Chalawa sun ce a miƙa miki kukansu. Sun ce a fara shaida miki cewa ba aikin dare suka ƙi ba. Mai naƙuda ba ta duba agogo, kuma kowa ya san da haka tun ranar da ya karɓi takardar kama aiki. Abin da ya dame su shi ne halinki na kwana da magana ɗaya ki tashi da wata.

A ɗauki nas ɗin da kika rubuta wa aikin safe na mako biyu. Ta yarda da ke, ta tsara gidanta a kanki: ta sauke yara a makaranta kafin ta wuce asibiti, ta dawo bayan azahar ta ɗora tukunya, ta tura su Islamiyya da la'asar. Ranar Alhamis sai ta tarar an goge M ɗin aikin safe da ke gaban sunanta, an ɗora N na aikin dare da jan biro. Ba wanda ya kira ta. In ta tambaya, amsar ɗaya ce: "Haka rosta ta nuna," sai ka ce ba hannun ɗan Adam ne ya riƙe biron ba. Yanzu aiki ya koma kanta na neman wanda zai kwana da yara, da lallashin maigida, da ba ƙanwarta haƙuri a kan kamun da ta yi alkawarin ba za a yi babu ita ba.

Da alama ba kya fita cikin gari, don haka ga labarin hanya. Tun 2013 aka hana ɗaukar fasinja a babur a birnin Kano, a Yulin 2022 kuma gwamnatin jihar ta ba da umarnin kada Adaidaita Sahu su yi aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. Kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi bayan cire tallafin fetur a Mayun 2023. Ma'aikacin da kika matsar da tashinsa zuwa ƙarfe 10, in gidansa Kurna ko Hotoro ne, sai dai ya jira abokin aiki mai mashin, ko ya shimfiɗa kwali a ɗakin masu gadi.

Jiki ma yana da tasa rostar, kuma ta girme ki nesa ba kusa ba. A 2017 masana uku 'yan Amurka suka sami kyautar Nobel saboda gano yadda agogon da ke cikin ƙwayoyin halitta yake juya barci da farkawa, kuma a jikin ƙudan 'ya'yan itace suka yi binciken. Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke Liyon a Faransa, ta saka aikin dare cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna iya haddasa cutar, a 2007, ta sake jaddada hakan a 2019. Masana barci sun daɗe suna cewa juyi na gaba ya fi wa jiki sauƙi, wato daga safe zuwa yamma zuwa dare, domin jinkirta barci ya fi sauƙi a kan tilasta wa ido ya rufe da wuri. Ke kuwa kin fi son ki tashi mutum daga aiki da ƙarfe 9 na dare, ki ce ya dawo da sassafe ya auna wa jariri magani. A Tarayyar Turai doka ta tanadi hutun awa 11 a jere a kowace rana. A nan sai dai shayi mai kauri da goro.

Masu kukan sun leƙa Dokar Ƙwadago ta Najeriya ko za su sami sandar da za su nuna miki. Sashe na 13 ya ce lokutan aiki ana tsayar da su ne ta yarjejeniya, ko tsakanin ma'aikaci da mai aiki, ko ta hannun ƙungiya, ko hukumar albashi ta masana'antu. Ya ba wanda ke aikin awa 6 ko fiye hutun awa 1 a tsakani, da hutun awa 24 a jere cikin kowane kwana 7. Sashe na 7 shi ne abin dariyar: in an canza sharuɗɗan aiki, dole a sanar da ma'aikaci a rubuce, amma an ba mai aiki har wata guda bayan canjin. Wato mutum zai iya cinye makonni yana aikin dare kafin takardar da ke shaida masa an mayar da shi dare ta iso. Dokar ma ba ta haɗa da masu aikin ƙwararru ba, su sai ƙa'idojin aikin gwamnati da abin da ƙungiyarsu ta iya ƙwatowa.

Wasu wuraren sun sa wa ire-irenki takunkumi. A jihar Oregon ta Amurka, manyan kantuna da otel-otel da gidajen abinci dole su liƙa jadawali kwana 14 kafin ya fara aiki, in kuma suka taɓa shi daga baya su biya ma'aikaci ƙarin kuɗi.

Adalci dai, Hajiya, ba duk laifin ne naki ba. Metiron tana zama da gurabe fiye da sunaye. A farkon 2024 magatakardan majalisar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa ya ce fiye da ma'aikatan jinya 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara uku, fiye da 15,000 daga cikinsu a 2023 kaɗai. Duk wanda ya hau jirgin Ingila ko Saudiyya, darensa kan wani yake faɗawa. Ba mamaki da ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozoma ta shiga yajin aikin gargaɗi a ƙarshen Yulin 2025, ƙarin alawus ɗin karɓa-karɓa da ɗaukar sababbin ma'aikata suna cikin buƙatunta. Sai dai ƙarancin ma'aikata bai bayyana dalilin da ya sa wasu sunaye ba su taɓa gamuwa da N a daren Sallah ba, alhali wasu duk shekara a ɗakin haihuwa suke jin kabbarar Idi.

Ki sani mutane sun koyi zama da ke. Ranar da aka liƙa ki sukan ɗauki hotonki a waya, saboda gobe. Masu musanye sun daina yarda da "kar ki damu, zan rufe miki" na baka, sai shugaba ya sa hannu, domin in an sami giɓi sunan da ke jikinki ake rubuta wa takardar tuhuma. Mai hankali ba ya ƙauracewa aiki don fushi. Yakan zo ya yi daren, da safe ya rubuta ƙorafi da kwanan wata, ya faɗi dalilinsa, ya haɗa da sunan wanda ya yarda su yi musanye.

Abin da suke roƙo bai kai ya kawo ba. Ki fito mako biyu kafin lokaci, ki juya gaba ba baya ba, duk gyaran da aka yi a jikinki kuma a ga sa hannun mai gyaran a gefe, a kira wanda abin ya shafa a waya. Za su kai kwafin wannan wasiƙa ga wakilin ƙungiya ranar Litinin da safe, in dai ba ki mayar da shi aikin dare ba kafin nan.

Wassalam, a madadin ma'aikatan safe da na yamma da na dare.